Yadda Ake Tantance Labarin Magani Kafin A Saya Ko A Tura Wa Wani

Ba zan tsaya kan mai lasifika a bakin kasuwar Terminus ta Jos ba, wanda kwalbarsa ɗaya ke kashe basir, sanyi, hawan jini da ciwon suga. Duk wanda ya ga Agustan 2014, lokacin da aka riƙa tashin mutane da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri su sha saboda Ebola, har aka kwantar da wasu a asibiti wasu suka rasu, ya wuce wannan aji. Wanda ke kayar da 'yan bokon Jos shi ne saƙon da ya fara da "bincike ya tabbatar".

Da farko ka duba a jikin wa aka gwada. In ɓera ne, ajiye shi. In mutane ne, su nawa? Takardar Andrew Wakefield da ta tsorata iyaye a Ingila kan allurar ƙyanda a 1998, yara 12 kacal ta duba, kuma mujallar Lancet ta janye ta a 2010.

Mataki na biyu shi ne inda na ga malamai da ma'aikatan banki suna zamewa. Tambayar ita ce: da su wa aka kwatanta? Mura takan tafi da kanta, mafi yawan masu korona ma haka suka warke. A ce an ba mutum 100 magani, 90 suka tashi. Ba ka san komai ba tukuna, sai ka ga wasu 100 masu irin ciwon da ba a ba su ba. In su ma 90 suka tashi, maganin ya zama kamar mai roƙon ruwa a watan Agusta, ko bai roƙa ba ruwan zai sauka. Shi ya sa "wallahi ƙanwar matata ta sha ta warke" ba hujja ba ce, ko da mai faɗa bai taɓa ƙarya ba. Waɗanda suka sha bai yi musu aiki ba, ba sa yin bidiyo.

Kuma rabon waɗanda za a ba da waɗanda ba za a ba ba ya zama ta ƙuri'a. In likita ne ya zaɓi wanda zai ba, hannunsa kan karkata wajen masu sauran ƙarfi, sai a yaba wa magani. Haka aka yi da hydroxychloroquine, maganin da aka ce yana warkar da korona, a 2020: ƙaramin gwaji a Faransa, ba ƙuri'a, duniya ta ɗauka, farashi ya tashi a kemis. Da gwajin RECOVERY na Ingila ya raba dubban marasa lafiya ta ƙuri'a, a watan Yuni aka ga bai rage mutuwa ba. Gwajin nan dai shi ya gano dexamethasone, magani mai araha, na rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ni dai binciken da ba shi da rukunin kwatance, ba na ƙona data ta a kansa.

Sauran da sauƙi. In an ce "ya rage haɗari da rabi", tambayi daga nawa zuwa nawa, don daga 2 cikin 1,000 zuwa 1 ma rabi ne. Duba wanda ya biya kuɗin binciken, ko shi ne mai sayarwa. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, musamman mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, galibi ma an rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a kwalin. Mai fama da hawan jini ko suga kada ya ajiye maganinsa don sabon da ya gani a waya. Ya ɗauki kwalbar ya nuna wa likitansa ko mai ilimin haɗa magunguna ranar da zai je asibiti.