Yadda ake tsira a lungunan Space Hulk na kwamfuta

Space Hulk wasan allo ne da kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ya fitar a 1989, cikin duniyar yaƙin Warhammer 40,000. A 2013 kamfanin Full Control ya mayar da shi wasan kwamfuta, bisa dokokin bugu na uku na 2009. Kwamfuta ce ke jefa ɗan lido yanzu, amma lissafin na allo ne, kuma wanda bai san lissafin ba ba ya nisa.

Kai ne ke jan ragamar sojojin Terminator na rundunar Blood Angels, a cikin tarkacen jirgin sararin samaniya mai lunguna da ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Kowane soja yana da makin aiki 4 a zagaye. Taku ɗaya gaba maki 1 ne, juyawa dama ko hagu 1, buɗe ƙofa 1, ja da baya 2. Dodon Genestealer kuwa 6 gare shi, kuma juyawa gefe ba ta cin masa komai. Saboda haka kafin ka matsar da kowa, ƙirga gidajen da ke tsakaninka da abokin gaba mafi kusa. In gida shida ne ko ƙasa da haka, to a zagaye mai zuwa yana kanka.

Kada ka yarda a kai ga hannu da hannu. Dodo ɗan lido uku yake jefawa, sojanka ɗaya, a ɗauki mafi girma. Sajan ne kaɗai ke da ɗan abin faɗa a nan.

Tsirarka tana cikin gadi, wato overwatch. Maki 2 yake ci, sojan kuma zai harbi duk dodon da ya motsa a gabansa cikin gida 12. Abin da ke cin sababbin 'yan wasa shi ne kashe maki 4 duka a tafiya, a ƙare zagaye babu mai gadi ko ɗaya. Ka saba da taku biyu sannan gadi, ka bar mutum ɗaya yana fuskantar baya, domin soja ba ya ganin abin da ke bayansa. Bindigar storm bolter ɗan lido biyu take jefawa, 6 ke kisa, wato sau 11 cikin 36. In ka sake harbin dodon nan ba tare da ka gusa ba, 5 ma ta isa, lissafin ya koma 20 cikin 36. Sai dai a lokacin gadi, da zarar lidon biyu sun fito da lamba iri ɗaya bindigar ta cije, kuma hakan na faruwa sau ɗaya cikin shida. Don haka ne ake ajiye makin umarni, wato ƙarin makin da kowane soja zai iya amfani da su, waɗanda ake samu tsakanin 1 zuwa 6 kowane zagaye. Riƙe ko da ɗaya ne don gyara bindiga a zagayen dodanni. Dogon lungu ya fi gajere kyau ga mai gadi, tunda kowane takun dodo harbi ne ya ba ka.

Ɗigon da kake gani a na'urar hange, wato alamar dodannin da ba su bayyana ba tukuna, na iya zama dodo ɗaya, biyu ko uku. Ɗauka uku ne.

Mai bindigar wuta harbi 6 kawai gare shi, kowane harbi maki 2. Wutar tana cinye sashe guda, tana kuma toshe hanya har ƙarshen zagaye, to wani lokaci amfaninta toshewar ce ba kisa ba. A aikin farko, Suicide Mission, ɗakin sarrafa jiragen tsira ake so ya ƙone. In ya mutu ko man ya ƙare kafin ya isa, ka faɗi. Sa shi a tsakiyar jeri, amma ka lura da wanda ke gabansa, don a lungu ba a wuce juna.

Wanda ya koma Space Hulk: Tactics na kamfanin Cyanide, wanda ya fito a 2018, zai tarar an kawo kati: ko ka yi amfani da abin da ke jikin katin, ko ka mayar da shi makin aiki. A can har da labarin da ake bugawa da ɓangaren dodannin.