Darasi na Bakwai: Ramukan Tassa Don Farfaɗo da Fako

Kowane manomi ya san fako. Ƙasa ce da ta ƙeƙashe ta yi tauri, ko fartanya ba ta kama ta. In ruwan sama ya sauka a kanta sai ya gangare, ya tafi da ɗan takin da ya rage. Galibi akan haƙura da irin wannan fili a bar wa awaki. To amma akwai dabarar da ke sa ya ba da gero da dawa, ita ce tassa, wato haƙa ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa.

A Yatenga, arewacin Burkina Faso, ana kiran ramukan nan zai. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya faɗaɗa ramukan, ya riƙa zuba taki a ciki. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada. Damina ta 1990 ba ta yi kyau ba, amma gonakin da aka yi wa ramuka sun ba da amfani. Daga nan maƙwabta suka ɗauka, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a so.

Da rani ake haƙa ramin, kafin ruwa ya faɗi. Ku sami diga, don fartanya kaɗai ba za ta iya ba. Faɗin rami ya kai santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya ko ya ɗan fi, zurfinsa kuma santimita 15 zuwa 20. Ƙasar da kuka fitar kada ku watsar da ita. Ku tara ta a bakin ramin ta gefen gangare, ku lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, yadda ruwan da ya gangaro zai tsaya ya shige. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: in aka tara ƙasar ta gefen tudu, ita ce za ta kore ruwan daga ramin. Saboda haka kafin ku sa diga, ku tsaya ku gane inda ruwa ke bi a filin. Tsakanin rami da rami a bar taku ɗaya. Layi na biyu kuma kada ya yi saiti da na farko, a sa kowane rami a tsakanin biyu na sama, domin ruwan da ya kuɓuce wa wancan ya faɗa wannan.

Sai a zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi cikin hannu ɗaya ko biyu, a ɗan yayyafa ƙasa a kai. Gara za ta zo cin takin. Kada ku kashe ta, aiki take yi muku, don ƙananan hanyoyin da take hudawa su ne ke kai ruwa can ƙasa inda saiwa za ta same shi. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa takin zamani kaɗan a gindin shuka, kimanin giram 6 na NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, yana ƙara amfani sosai. Mai hali sai ya haɗa da shi. A yi shuka bayan an sami ruwa mai ƙarfi da ya jiƙa ramin.

Aikin da wuya, ba a ɓoye wannan. Hekta ɗaya kan ci awa 300 ko fiye, don haka gara a yi gayya, ko a fara da ɗan yanki bana a ƙara baɗi. Kuma tassa ba ta kowace ƙasa ba ce. A jigawa rairayi zai cike ramin, a fadama kuwa ruwa zai kwanta ya ruɓar da shuka.

Aikin gida: idan tsakanin rami da rami mita 1 ne, ramuka nawa za a haƙa a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10? Ku rubuta amsa a littafinku. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da diga ko fartanya, za mu haƙa ramuka goma a bayan aji.