Shawara Ga Masu Shirin Dashe a Daminar Bana

'Yan'uwa, duk wanda yake shirin dasa itace a bana, ina roƙonsa ya fifita dorawa, tsamiya, kanya da gawo a kan darbejiya, domin irin namu na gida ne tsuntsaye da ƙudan zuma suka saba da su. Kafin shuka irin dorawa, a jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana, saboda ɓawonsa yana da tauri. Abin da ya fi damuna shi ne dashe a warwatse. Idan maƙwabta suka jera itatuwansu a bakin iyakar gonaki ko gefen rafi, namun daji ƙanana za su samu hanyar ratsawa daga wannan kurmi zuwa wancan. A kuma kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki.