Yadda Ake Zaɓen Wandon Hawan Dutse Da Zai Yi Aiki Rani Da Damina

Wanda ya tashi daga garin Moshi na ƙasar Tanzaniya da niyyar hawa Kilimanjaro, dutsen da tsayinsa ya kai mita 5,895, yakan fara tafiyarsa cikin kurmi mai laima yana sharce zufa, amma daren da zai nufi ƙololuwa sai ya iske sanyin da ke daskarar da ruwa a cikin gora. Dalilin kuwa shi ne, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi duk bayan hawan mita 1,000. Ba sai an je can nesa ba kafin a gamu da wannan sauyi, domin mai hawa Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka Gumti na Jihar Taraba, wanda ya kai mita 2,419, ko Dutsen Kamaru da ke bisa garin Buea, ko tsaunukan Abzin a arewacin Agadas, zai ɗanɗani rana mai ƙuna da dare mai sanyi cikin kwana guda.

Saboda irin wannan tafiya aka ƙirƙiro yadin da ake kira sofshel. Saƙa ce ta zaren nailan ko foliyesta da aka gauraya da ɗan zare mai talewa kamar roba, sannan aka shafa wa fuskarta wani sinadari mai sa ruwa ya dunƙule ya gangare, wanda kamfanoni ke rubuta DWR a jikin lamba. Yadin yana tare yawancin iska, yana barin tururin zufa ya fita, kuma yana bushewa da wuri. Sai dai ya kamata mai saye ya sani tun farko cewa sofshel ba rigar ruwa ba ce. Yana jure raɓa da yayyafi da hazo, amma idan sama ta tsuge kamar da bakin ƙwarya, ruwa zai ratsa shi. Aikin tare ruwan sama na wando ne daban, mai shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, irin wadda ake kira Gore-Tex, wanda ake naɗewa a jaka a ɗora shi a kan na ciki idan hadari ya haɗu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen wando mai kauri da aka yi wa shafi mai gashi-gashi a ciki, da tunanin cewa dutse wuri ne na sanyi. Irin wannan yana da daɗi a tsakiyar hunturu, amma da rana ta ɗaga aka fara hawa da kaya a baya, sai ya zama azaba, ga shi kuma ba a iya cire shafin. A ganina, wanda ke son wando ɗaya tilo ya zaɓi marar shafi, mai matsakaicin kauri, wanda nauyinsa bai wuce rabin kilo ba. Idan zafi ake yi sai ya sa shi haka nan, idan kuma sanyi ya tsananta sai ya sa siririn wandon ciki na ulu ko foliyesta a ƙarƙashinsa. Wannan ne ya sa ake son a bar ɗan sarari wajen awo, yadda na cikin zai shiga ba tare da an takura ba. Wandon jins da duk wani na auduga kuwa, gara a bar su a gida, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne wa fata, ta zuƙe ɗumin jiki a daidai lokacin da aka tsaya hutawa cikin iska.

Lambar da ke cikin wandon tana faɗin abin da aka saƙa shi da shi. Nailan ya fi jure gogar dutse da ƙaya, foliyesta kuma ta fi saurin bushewa, don haka mai bin hanyar da ake rarrafe a kan fako ya fi dacewa da na farko. Zare mai talewa yawanci yakan kasance tsakanin kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari, kuma idan ya yi yawa wandon yakan jinkirta bushewa. Fuska mai santsi ta fi kyau a dajinmu, inda ƙarangiya ke maƙale wa duk yadin da ke da gashi.

Ɗinki kuwa ba a gane shi a tsaye gaban madubi. A sa wandon a tsuguna, sannan a ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera kamar mai taka babban dutse. Idan ya ja a gwiwa ko ya zame a baya, bai yi ba. Wando nagari yana da ƙarin ƙyalle mai siffar lu'ulu'u a hantsa, gwiwarsa kuma an ɗinka ta a ɗan lanƙwashe. A duba ƙugu da kyau, domin ɗamarar jakar baya a nan take zama, kuma maɓalli mai tudu ko kan bel mai kauri zai goge fata har ya yi ciwo bayan tafiyar sa'o'i shida. Wannan ɗamara ita ce kuma ke rufe aljihun gefe, shi ya sa aljihun cinya mai zif ya fi amfani wajen ajiye waya. Zif na shan iska a gefen cinya yana taimakawa ƙwarai a bazara, haka ma igiyar tsuke bakin ƙafa, wadda ke hana tsakuwa da ƙwari shiga takalmi.

Sabo daga manyan kamfanoni yana da tsada, amma akan dace da mai kyau a wurin 'yan gwanjo, kuma gwajinsa ba shi da wuya. A kara yadin a baki a hura: idan iska ta wuce babu wata turjiya, ba zai tare sanyi ba, idan kuma ta ƙi wucewa sam, zufa za ta taru a ciki. A ɗiga masa ruwa a ga ko zai dunƙule. A ja yadin a sake shi, domin wanda robarsa ta mutu ba ya komawa yadda yake. A ƙarshe a ɗaga shi a hasken rana a duba mazauni da gwiwa, inda yadi ke fara sirancewa.

Idan ruwan da aka ɗiga ya shige cikin yadin, ba lallai ne wandon ya lalace ba, sau da yawa datti da maiƙon jiki ne suka rufe sinadarin. A wanke shi da sabulun ruwa marar ƙarfi, a ɗauraye sosai, kuma a guji sinadarin laushin tufafi, wanda ke toshe ƙofofin saƙar. Bayan ya bushe, a shimfiɗa ƙyalle a kansa a bi shi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, domin ɗumi yana farfaɗo da sinadarin, amma dutsen guga na gawayi zai iya narkar da yadin nan take. Haka ma tartsatsin wutar da ake ji da dare a sansani yakan huda nailan cikin ƙiftawar ido, saboda haka a ɗan ja baya daga bakin wuta.