Yadda ɗan gwangwan zai gane ƙarfe mai radiyeshan tun kafin ya ɗora masa guduma

Wannan rubutun na 'yan gwangwan ne da 'yan jari bola, da dilolin da ke wuni gaban sikeli, da masu walda da ake kira su zo su yanka kaya da gas. In kana da ɗan uwa a harkar dan Allah ka karanta masa. Akwai wani irin kaya mai radiyeshan, wato wani tururi da ba a gani mai ratsa jiki ya yi illa, da kan faɗo cikin ƙarafa, ba kullum ba, mutum zai iya tsufa a Panteka ko Ƙofar Ruwa bai taɓa cin karo da shi ba, amma ranar da ya shigo yadi aka fasa shi to ba mai fasawar kaɗai zai taɓa ba, har matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta.

A watan Satumba na 1987 a garin Goyaniya na ƙasar Burazil wasu mutum 2 suka shiga wani tsohon asibitin ciwon daji da aka tashi aka bari, suka kwance kan injin gashin ciwon daji suka ɗora a baro suka kai gida. Tun a ranar suka fara amai, ɗayan hannunsa ya kumbura ya je asibiti aka ce masa wai wani abu ya ci. Suka ci gaba da dukan abin har suka huda shi, sannan suka sayar wa wani dila. Da daddare dilan ya ga abin yana wani haske shuɗi a cikin duhu, sai ya ɗauka wata dukiya ce ya kai shi cikin gida yana kiran 'yan uwa da abokai su zo kallo, har yana gutsura musu. Garin wani sinadari mai radiyeshan ne da ake kira siziyom-137, duka duka giram 93. Wata yarinya 'yar shekara 6, 'yar ɗan uwan dilan, ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Matar dilan ce ta fara lura cewa tunda abin nan ya shigo gidan kowa ke ciwo, ta sa aka zuba shi a jaka suka hau bas aka kai ofishin lafiya ranar 28 ga wata, kwana 15 ke nan da ɗauko shi. Mutum 4 suka mutu, ita matar da yarinyar da yaran shagon guda 2. An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da garin a jikinsu ko a kayan jikinsu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin.

Kar wani ya ce ai can ne. Irin waɗannan abubuwan suna nan a ƙasashenmu kuma aiki ake da su na halal: injin gashin ciwon daji na asibiti, na'urar da ake ɗaukar hoton walda da ita a jikin bututun mai, wadda ake zurawa cikin rijiyar mai, ma'aunan da ake ɗaurawa a jikin tanki ko bututu a masana'antu irin na siminti, da wani akwati da kamfanonin titi ke ajiyewa a kan hanya suna auna ko ƙasa ta daku. A ƙarshen 2002 wasu irinsu sun ɓace daga hannun wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Delta, daga baya sai a Jamus aka tsince su cikin kayan gwangwan. Wato ta hannun 'yan harkar suka bi, mutane sun ɗauka sun ɗora sun sauke ba wanda ya sani. Matsalar kullum daga inda kamfani ya mutu ko asibiti ya tashi take farawa, a kulle sito shekara da shekaru, wanda ya san abin da ke ciki ya yi ritaya, sai wata rana a ce a yi gwanjon tsofaffin kaya. Haka aka yi a Indiya a 2010, jami'a guda ta yi gwanjon wani tsohon inji mai sinadarin radiyeshan kobal-60 ya ƙare a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi, mutum 1 ya mutu wasu aka kwantar.

To yaya ake gane shi? Gaskiya ido ba ya ganin radiyeshan, hanci ba ya jinsa, maganaɗisu ba ya faɗa maka komai, kuma manhajojin waya da ake cewa suna aunawa kar ka ɗora ranka a kansu. Abin da kake iya ganewa shi ne gidan da aka saka shi a ciki. Alamar farko fanka ce mai fiffike 3 da ɗigo a tsakiya, baƙa ko ja-ja a kan rawaya, wani lokaci a buge a jikin ƙarfen ko a wani ɗan faranti da aka ɗaure da ƙusa. In ka ga an rubuta Co-60, Cs-137, Ir-192, Am-241, Sr-90 ko Ra-226, ko lamba da Ci ko GBq ko TBq a bayanta, shi ne. Akwai alama ta biyu da aka fito da ita a 2007, ja ce mai kusurwa 3, da fankar a sama da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa da hoton mutum yana gudu. Ɗaya daga cikin dalilan fito da ita kuwa, a Samut Prakan ta ƙasar Tailan a shekarar 2000 'yan gwangwan sun ga fankar ƙuru-ƙuru a jikin kayan amma ba su san ma'anarta ba, rubutun gargaɗin kuma ba da yarensu ba, aka sa gas aka yanka, mutum 3 suka mutu. Ita wannan jar alamar a ciki ake manna ta kusa da abin, in har ka gan ta to ka riga ka kwance abin da bai kamata ka kwance ba, ajiye ka bar wurin.

Sai dai fenti yana gogewa, faranti yana cirewa, saboda haka nauyi ya fi alama amfani. Abu ɗan ƙarami, mulmulalle ko mai siffar tulun gas, ka zo ɗagawa ka ji ya fi ƙarfinka nesa ba kusa ba, a rufe ruf da walda, wani da kwaɗo ko ɗan hannu na buɗewa da rufewa. Wannan nauyin dalma ce ko wani ƙarfen da ya fi ta nauyi aka zagaye abin da shi don ya tare tururin, kuma a nan tarkon yake, don ɗan gwangwan in ya ji nauyi dalma yake hangowa da kuɗinta. Muddin gidan yana rufe haɗarin kaɗan ne. Guduma da giranda da gas su ne suke mai da shi ajali.

Shi ainihin abin ƙarami ne, wani bai kai kan fensir ba, ƙarfe mai sheƙi, wani a maƙale a bakin 'yar guntuwar waya. A Yanango ta ƙasar Peru a 1999 wani mai walda ya tsinci irinsa a ƙasa ya jefa a aljihun baya na wando ya ci gaba da aiki na sa'o'i, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. Haka kuma ƙarfen da ka taɓa ka ji ɗumi alhali a inuwa yake ba wuta kusa, wannan ma ka guje shi. A ƙasar Jojiya a 2001 wasu masu saran itace 3 sun tsinci irinsa ya narkar da ƙanƙarar da ke kewaye da shi, suka kwana suna jin ɗumi da shi, bayansu ya ƙone, ɗaya bai tashi ba.

Amma fa kar a mai da komai dodo. Injin hoton ƙashi na asibiti in ba wuta a jikinsa ba ya fitar da komai, haka tsohuwar talabijin da firji da makirowef da waya, nasu matsalolin daban ne.

Yanzu a ce ka gan shi a cikin kaya. Kar ka taɓa, in ka riga ka ɗauka ajiye a nan inda kake, ba sai ka kai shi wani lungu ba, ka ja da baya ka kori kowa musamman yara. Kamar murhu ne, iya kusancinka iya abin da za ka sha, in ka ninka nisan da ke tsakaninku sau 2 abin da ke isowa jikinka ya koma kashi 1 cikin 4, in ka ninka sau 10 ya koma 1 cikin 100. A ja igiya ko a jera tayoyi aƙalla mita 30 ta kowane ɓangare, a sa babba ya tsaya daga nesa yana hana shiga. In dole sai ka ɗauki hoto ka ɗauka daga nesa ka jawo da waya. Kuma dan girman Allah kar a ce bari a jefa a rijiya ko kududdufi ko a binne a huta, siziyom-137 sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, garinsa kuma yana narkewa a ruwa. Kar a cusa shi cikin lodin tirela a tura wa kamfani. A Meziko a ƙarshen 1983 an narka irinsa aka yi rodi da ƙafafun tebur, ba a farga ba sai a Janairun 1984 da wata motar rodi ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar nukiliya ta Los Alamos a Amurka na'ura ta yi ƙara, lokacin an riga an yi gine-gine da shi, daga baya aka bi wasu aka rushe.

Daga nan sai kira. A Najeriya hukumar da ke da alhakin abin ita ce NNRA, hedikwatarta na Abuja, dokar 1995 ce ta kafa ta ta fara aiki a 2001, akwai kuma cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ke da masana da kayan awo. A Nijar ARSN ce. In ba ka da hanyar samunsu ka kira 112 a Najeriya, ko ka je wa 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda, kuma shawarata ka tafi da shugaban ƙungiyarku ko mai unguwa, kowa ya san yadda ake kallon ɗan jari bola in ya shiga caji ofis shi kaɗai. Ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa ko ya zauna kusa da tsawon lokacin da ya yi, da inda aka sayo kayan, da motar ko kurar da ta kawo.

In abin ya riga ya fashe har gari ya zuba, a tuɓe kayan jiki na sama a ƙulle a leda a bar su a wurin, wannan kaɗai yana raba mutum da mafi yawan ƙurar. A yi wanka da sabulu a hankali ba dirza ba, kar a ci kar a sha kar a kunna taba kafin a wanke hannu, kar a yi shara, kar a koma gida da takalmin. Manja da nono da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba abin da suke yi a nan. Alamomin ciwon su ne tashin zuciya da amai da gudawa cikin sa'o'i kaɗan, sai mutum ya ji sauƙi kwana biyu ya ɗauka ya warke, sannan fata ta yi ja ta tashi kamar ƙuna ba tare da wuta ta taɓa shi ba, gashi ya fara zuba bayan sati 2 zuwa 3. Likita ba zai kawo wannan a ransa ba, maleriya ko taifod zai fara nema, kai ne za ka buɗe baki ka ce malam likita ga abin da muka fasa, ka nuna hoton, ka ce a duba jini. In yaran yadi 3 ko 4 suka kwanta a tare da amai bayan shigowar sabon kaya, a fara zargin kayan kafin a zargi mai abinci ko a ce jifa ne. Wanda tururin kawai ya ratsa ba ya shafa wa kowa, kar a guje shi.

Ku kuma manyan diloli, na'urar awo ta hannu ba ta fi ƙarfinku ba, ko ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi guda 1 a ajiye a bakin sikeli. A fara aunawa a wurin da ba kaya a ga lambar da ta saba nunawa, sannan a kunna tun daga nesa a dinga matsowa a hankali, in lamba ta ninka sau da yawa a tsaya a koma. Tun daga nesa na ce, don wasu masu arha in tururin ya yi musu yawa rikicewa suke su nuna ƙaramar lamba. Masu sayen kaya daga wajen Arlit da Akokan a arewacin Nijar su suka fi kowa buƙatarta, nasu ba ɗan ƙarfe ba ne a cikin gida, bututu ne da ƙarafan ma'adinar yuraniyom da ƙurar ta kama jikinsu, kuma ƙungiyar awon radiyeshan ta Faransa CRIIRAD a 2003 da ƙungiyar kare muhalli Greenpeace a 2009 duk sun auna sun samu irinsu ana sayarwa a kasuwar garin, mutane na yin ƙofofi da kayan gida da su.

Duk wannan dabarar talaka ce ta kare kai, asalin aikin na hukuma ne, kuma a nan ne nake ganin duniya gaba ɗaya ta yi sakaci. Ƙa'idar da hukumar nukiliya ta duniya IAEA ta amince da ita a 2003 kan tsare waɗannan abubuwa ba ta tilasta wa kowace ƙasa, alkawari ne kawai. Sifen sai da ta ɗanɗana, a 1998 wani kamfanin ƙarfe kusa da Aljesiras ya narka siziyom-137 har aka auna hayaƙin a Faransa da Italiya da Suwizalan, a 1999 gwamnati da kamfanonin ƙarfe da 'yan gwangwan suka sa hannu a yarjejeniya, aka kafa na'urori a ƙofofin shiga, hukuma kuma ke zuwa ta ɗauke abin da aka tsinta. Abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan gwangwan su nema daga NNRA a rubuce ke nan: na'ura a ƙofar kowane kamfanin narka ƙarfe da tashar jirgin ruwa, a hana gwanjon kayan asibiti da masana'anta sai an auna, a buga alamomin nan da bayani da Hausa da ajami a manna a kasuwanni, sannan a fito fili a ce wanda ya kawo rahoto ba za a kama shi ba kuma ba shi zai biya kuɗin ɗaukewa ba. In ba a yi na ƙarshen nan ba, yaron da ya tsinta tsoron caji ofis zai sa ya jefa shi a kwata ya yi shiru.