Yadda za ka bibiyi hasashen dusar ƙanƙara in ɗanka yana Amurka

Mu a nan Zariya sanyin da muka sani na hunturu ne, amma iyayen da yaransu suka gama ABU suka wuce karatu Amurka ya kamata su iya duba wannan abu da kansu, don wallahi sanyin can yana kisa.

Da farko ka buɗe manhajar yanayi a wayarka ka saka sunan garin da yaron yake, ba Amurka kawai ba, ƙasar faɗi gare ta. Su da ma'aunin Faranhait suke auna sanyi da zafi, in ka ga 32 to sifili ne a namu ma'aunin, daga nan ruwa yake daskarewa.

Sai ka lura da sanarwar hukumar yanayinsu, in sun rubuta Watch ana zaton abin zai zo ne, in ya koma Warning to ya ƙaraso ko yana bakin ƙofa. Abin da na fi tsoro ba dusar ba ce, ruwan saman nan ne da yake daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, ya maida titi kamar gilashi ya yi wa wayoyin wuta nauyi su tsinke, ga sanyi ga ba wuta kwana da kwanaki, a jihar Teksas a Fabrairun 2021 miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu.

Don haka ka kira shi tun kwana biyu kafin dusar ta sauka, ya tanadi abinci da ruwa da bargo, ya cika waya da caji, kuma don Allah kar ya kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki, akwai iska mai guba a cikin hayaƙin, ba ta wari amma tana kashe mutum a cikin barci.