Yadda Ake Zaɓen Sifofin da Suka Dace da Ɗauri da Tsarewa a Rubutu

Marubucin da ya kai jarumin labarinsa kurkuku yakan yi gaggawar jero sifofi irin su "mummuna", "mawuyaci" da "mai ban tsoro", alhali kuwa waɗannan kalmomi hukunci kawai suke yankewa, ba sa nuna wa mai karatu komai. Sifar da ake bukata ita ce wadda za ta sa a ji matsin bango da nauyin ƙofa da tsawon yini, kuma samun ta yana farawa tun kafin a ɗora alƙalami a takarda.

Da farko a tantance irin tsarewar da ake magana a kai, domin kowace da kalmarta. Ɗaurarre shi ne wanda kotu ta yanke wa hukunci, saboda haka kuskure ne a kira mai jiran shari'a da wannan suna, musamman a rahoton jarida inda kalma guda za ta iya ɗora wa mutum laifin da ba a tabbatar ba. Wanda aka ware saboda cuta mai yaɗuwa killatacce ne, wanda aka hana fita daga gidansa yana cikin ɗaurin talala, wanda 'yan fashi suka riƙe kuwa garkuwa aka yi da shi. Akwai kuma tarko a kalmar "tsararre", domin a rubuce tana iya nufin wanda aka tsare, tana kuma iya nufin abin da aka tsara da kyau, don haka ya fi aminci a ce "wanda ake tsare da shi" a duk inda jimla ba ta warware ma'anar ba.

Bayan haka a koma ga sifofin da ake ƙira daga aikatau, waɗanda su ne jarin marubuci a wannan fage: rufaffe, kullalle, garƙamamme, matsattse, ƙuntatacce, tosasshe, keɓantacce. Ƙarfinsu yana cikin cewa kowacce tana ɗauke da hannun wanda ya aikata, ko da ba a ambace shi ba. Idan aka ce "garƙamammiyar ƙofa", mai karatu ya riga ya san akwai wanda ya garƙame ta, ya ɗauke mabuɗin ya tafi, abin da "babbar ƙofa" ba za ta taɓa faɗa ba. Sai dai a kiyaye jinsi da adadi, a ce matsattsen ɗaki, matsattsiyar hanya, matsattsun ɗakuna, sannan a lura cewa sifar da ta biyo bayan suna ta fi wadda ta gabace shi nauyi a kunne, shi ya sa "ɗaki ne matsattse" ya fi "matsattsen ɗaki ne" tsayawa a rai.

A nan ne ya kamata a yi dogon nazari kan bambancin "ɗaurarre" da "a ɗaure". Ta farko tana liƙa wa mutum halin kamar shi ne asalinsa, ta biyu kuwa tana nuna yanayin da yake ciki a wannan lokaci, wanda zai iya wucewa. Idan labarin yana fitowa daga bakin ganduroba wanda ya daina bambance fuskoki, "ɗaurarru" ta dace da idonsa. Idan kuwa mahaifiya ce take magana a kan ɗanta, ba za ta ce ɗaurarre ne ba, cewa za ta yi yana ɗaure, domin a zuciyarta tana sa ran fitowarsa. A ganina wannan zaɓi shi kaɗai yakan bayyana matsayin mai ba da labari fiye da sakin layi guda na bayani.

Wajen siffanta wurin kansa, a bi gaɓoɓin ji ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya ga ido kawai, tun da wanda yake cikin duhu da kunne da hanci da fata yake sanin duniyarsa. Ga kakkauran bango, ga nannauyar sarƙa, ga zazzafar iska mai warin zufa, ga daɓe mai laima, ga 'yar mitsitsiyar taga maras amfani. Amsa-kama irin su duhu dunɗum, shiru tsit, a ɗaure tamau da a kulle gam suna da kaifi ƙwarai, amma guda ɗaya ta isa a shafi, domin idan suka yi yawa sai rubutun ya koma tatsuniya.

Wani lokaci ma'auni ya fi kowace sifa aiki. Nelson Mandela ya shafe shekara 18 daga cikin 27 na ɗaurinsa a tsibirin Robben, a ɗakin da bai wuce ƙafa 8 a tsawo da ƙafa 7 a faɗi ba, kuma wanda ya ji wannan adadi ba ya bukatar a ce masa ɗakin ƙuntatacce ne. Haka nan ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, masu ɗauke da sunansa, sun bayyana tsarewar kaɗaici da cewa ita ce killace mutum na awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata hulɗa ta kirki da ɗan'adam ba, kuma idan ta haura kwana 15 a jere ta zama doguwa, an haramta ta. Mai rubuta rahoto ko tarihi sai ya auna kalmominsa da wannan mizani kafin ya ce "doguwar tsarewa".

Shi kansa mutumin, a siffanta abin da zaman ya canza a jikinsa: ramammiyar fuska, dusasshiyar murya, kumburarrun ƙafafu inda mari ya ci, koɗaɗɗun tufafi. A guji sifofin tausayi irin su "abin tausayi", a bar mai karatu ya kai can da kansa.

Idan an gama, a sake karanta shafin da murya, a soke duk sifar da za a iya ɗauka a kai asibiti ko tashar mota ba tare da ta canza ba. Jimlar da ta ce "An jefa shi wani mummunan ɗaki mai tsananin wahala" za ta iya komawa "An tura shi wani ɗaki matsattse mai laima, inda ba ya iya miƙe ƙafa sai ya taɓa garƙamammiyar ƙofar."